Filin Tambayoyinku: An rubuta zai ci amana, to ina laifin Yahuda?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili gabanin Ista yawancinsu kan cin amana suke, wasu a kan Yahuda Iskariyoti, wasu a kan abin da ya faru a cikin gida ko a ikilisiya. Mun zaɓi biyar daga Gombe da Bauchi, malaman Littafi Mai Tsarki da ke kula da wannan shafi suka amsa. Mai karatu ya buɗe nasa Littafin kusa da shi, ya duba kowace aya da kansa.

TAMBAYA: Malamai, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina koyar da ajin matasa a Makarantar Lahadi. Wani yaro ya ce mini tunda annabci ya riga ya faɗa za a bashe Yesu, kuma ta mutuwarsa muka sami ceto, ai Yahuda aikin Allah ya yi, me ya sa ake la'antarsa? Na ce masa mu bari sai mako mai zuwa. Ku taimake ni. Daga malamin Makarantar Lahadi, Billiri.

AMSA: Ɗan'uwa, yaron nan ya yi tambaya mai kyau, kada ka tsawata masa. Ka fara da Luka 22:22, ka sa shi ya karanta da bakinsa. A numfashi ɗaya Yesu ya faɗi abu biyu: Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da za a bashe shi ta hannunsa. Matta 26:24 da Markus 14:21 sun kawo maganar, har da cewa da ba a haifi mutumin ba da ya fi masa. Bitrus ma haka ya haɗa su ranar Fentikos: an ba da Yesu bisa ga nufin Allah da riga-saninsa, amma ku ne kuka kashe shi ta hannun mugaye (Ayyukan Manzanni 2:23). A 4:27-28 masu bi sun kira sunan Hirudus da Bilatus a cikin addu'a, suka ce sun yi abin da hannun Allah ya riga ya tsara, ba su kuwa wanke ko ɗayansu ba.

Kuskure iri biyu ake yi, duk daga tsaga ayar nan suke fitowa. Wani ya riƙe rabin farko kawai, sai Yahuda ya zama kayan aiki marar laifi, daga nan kuma ba nisa a ce Allah ne ya sa shi zunubi. Wasiƙar Yakubu 1:13-15 ta toshe wannan hanya: Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, muguwar sha'awar mutum ce ke jan sa, ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Wani kuma ya riƙe rabi na biyu kawai, sai gicciye ya zama tsautsayin da ya afka wa Yesu ba shiri. Yohanna 10:18 bai yarda ba: babu mai ƙwace ransa, shi ne ke ba da shi don kansa.

Daga nan ka bi sawun Yahuda tare da ajin, domin marubutan Bishara ba su ɓoye shi ba. Shi ne ma'aji, jakar kuɗi a hannunsa take, yana kuwa ɗiba daga ciki (Yohanna 12:6). Kwana shida kafin Idin Ƙetarewa, a Baitanya, Maryamu ta shafa wa Yesu turare mai tsada, nan take Yahuda ya yi masa kuɗi, dinari 300. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago (Matta 20:2), kusan ladan shekara ke nan ya ga ya malala a ƙasa. Sai ya fake da talakawa. Bayan haka da ƙafarsa ya je wurin manyan firistoci, shi ne kuma ya fara tambayar abin da za su ba shi (Matta 26:14-15). Ya yi ta fakon lokacin da jama'a ba sa nan (Luka 22:6). Shi ya zaɓi alamar da za a gane Yesu da ita, wato sumba (Markus 14:44). Luka 22:3 da Yohanna 13:27 sun ce Shaiɗan ya shige shi. Gaskiya ne, amma ka nuna wa yaran cewa satar ta riga shigar. Ƙofar ta daɗe a buɗe.

Ka kuma tambaye su abin da Yahuda ya sayar. Shugabannin sun riga sun ƙudurta kashe Yesu tun bayan tashin Li'azaru, har sun ba da umarni duk wanda ya san inda yake ya faɗa (Yohanna 11:53, 57). Kullum Yesu yana koyarwa a Haikali, kowa ya san fuskarsa. Abin da suka rasa shi ne wuri da lokacin da za su kama shi ba tare da gari ya hargitse ba, Yahuda kuwa ya san gonar da Yesu ya saba zuwa da almajiransa (Yohanna 18:2). Da ɗan gari akan ci gari. Sirrin zumunci ya sayar, abin da ya sani domin an amince masa.

Abin da Yesu ya yi masa a daren shi ma yana cikin labarin. Ya wanke masa ƙafa tare da sauran, domin wankin yana a Yohanna 13:5, Yahuda kuwa bai fita ba sai a aya 30. Ya faɗa a fili cewa ɗayansu zai bashe shi, ya faɗi kaiton a kunnensa, ya tsoma loma ya miƙa masa. A gonar ma ya kira shi aboki (Matta 26:50). A ganinmu ba a yi wa mutum irin wannan gargaɗi in dutse ne shi da aka cilla.

Batun annabci kuma, babu aya ko ɗaya a Tsohon Alkawari da ta ambaci sunan Yahuda Iskariyoti. Ayar da Yesu ya ɗauko a Yohanna 13:18 Zabura 41:9 ce, kukan Dawuda a kan amininsa da ke cin abincinsa ya juya masa baya. Ka ajiye ayoyin biyu kusa da juna. Dawuda ya ce abokin nan ne wanda ya dogara gare shi, Yesu kuwa ya bar wannan ɓangare bai ɗauko ba, domin tun farko ya san wanda zai bashe shi (Yohanna 6:64). A aya 4 ta zaburar Dawuda yana neman gafarar zunubinsa, abin da ba za a ɗora wa Yesu ba. Ashe ba kowane layi na zaburar ne aka ɗauke aka ɗora masa ba. Abin da ya sami Dawuda ne ya cika a kan ɗan Dawuda, wato Yesu. In kana da lokaci ka karanta musu 2 Sama'ila 15 zuwa 17: Ahitofel, mai ba Dawuda shawara, ya koma wa Absalom, ɗan Dawuda da ya tayar wa ubansa, Dawuda ya haye rafin Kidron, ya hau Dutsen Zaitun yana kuka, Ahitofel ya nemi mutum 12,000 ya bi shi da dare, da aka ƙi shawararsa ya koma gida ya rataye kansa. Yesu ma Kidron ɗin ya haye a daren (Yohanna 18:1). Ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya riga faɗa: domin in abin ya faru almajiran su ba da gaskiya (13:19). Don ƙarfafa goma sha ɗayan aka faɗa.

Wurare biyu za su taimaki yaron ya ga cewa sanin Allah ba ya ɗaure hannun mutum. A 1 Sama'ila 23 Dawuda yana garin Kaila, ya tambayi Ubangiji ko mutanen garin za su ba da shi ga Saul. Ubangiji ya ce za su ba da shi. Dawuda ya kwashi mutanensa wajen 600 ya fita, Saul ya fasa zuwa, cin amanar bai auku ba. A Ayyukan Manzanni 27 kuma Bulus ya gaya wa mutum 276 da ke cikin jirgin ruwa cewa Allah ya ce ba wanda zai mutu. Da matuƙan suka nemi sulalewa da ƙaramin jirgi, Bulus ɗin nan ne ya ce in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Alkawarin ya tabbata, ta hanyar abin da mutane suka zaɓa suka yi.

Yadda abubuwan biyu suke haɗuwa a wurin Allah, manyan malamai sun daɗe suna muhawara a kai. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, da Kalbin na Janeba da ya rasu a 1564, sun fi nauyaya ikon Allah da zaɓinsa. Arminiyus na Holan, da ya rasu a 1609, da Jon Wesli daga baya, sun fi nauyaya riga-sanin Allah da amsar mutum. Har taro aka yi a Dort, wani gari a Holan, daga 1618 zuwa 1619 a kan wannan. Amma duka ɓangarorin sun tsaya a kan cewa Allah ba shi ne tushen zunubi ba, Yahuda kuma yana da alhakin abin da ya yi. Ba sai ka raba musu gardama a ajin matasa ba. Ka raba allo biyu, gefe ɗaya a rubuta abin da ayoyin suka ce Allah ya yi, ɗaya gefen abin da suka ce Yahuda ya yi, yaran su cika da kansu daga ayoyin da muka kawo. In wani ya tambayi abin da ya wuce allon, ka karanta masa Maimaitawar Shari'a 29:29 ka tsaya a nan.

TAMBAYA: Malamai, mu ashirin ne muke adashi a Zumuntar Mata, zubin naira 5,000 duk mako. Uwar adashinmu ta cinye kwasa biyu, naira 200,000, ɗaya tawa ce, kuɗin makarantar yarana. Da muka tuhume ta sai ta ce ƙaddara ce, haka Allah ya so. Wasu iyaye mata sun ce in yafe kamar yadda Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, in bar maganar, ita kuma ta ci gaba da riƙe kuɗin. Zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wata uwa, Yalwa, Bauchi.

AMSA: Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Zuciyarku tana da dalilin ƙin kwanciya. Iyayen nan sun kawo labari mai kyau, amma sun tsallake surori da yawa a tsakiyarsa.

Maganar nan da ake yawan kawowa, cewa kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri, tana Farawa 50:20. Ku lura daga bakin wa ta fito. Wanda aka cuta ne ya faɗe ta. Babu inda 'yan'uwan Yusufu suka ce ai ƙaddara ce ta sa muka sayar da kai. Abin da suka faɗa wa juna shi ne, hakika alhakin ɗan'uwanmu ne ke bin mu (42:21). Wanda ya ci amana ba shi da hurumin ɗaukar wannan aya ya yi garkuwa da ita. Yusufu kuma bai sauya wa abin suna ba, mugunta ya kira shi. Ko a ranar da ya bayyana kansa cewa ya yi shi ne Yusufu da suka sayar zuwa Masar (45:4), sannan ya yi maganar aikowar Allah.

Sai lokaci. Yana da shekara 17 aka sayar da shi a kan azurfa 20. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara bakwai na ƙoshi suka wuce, yunwa ta yi biyu, sannan ya bayyana kansa, shekara 22 ke nan bayan cinikin. Ko da suka zo gabansa bai rungume su ran farko ba. Ya tsare su kwana uku, ya riƙe Saminu, ya sa a kawo Biliyaminu, ya ba shi rabo ninki biyar a gabansu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun yaron. Dama ya ba su su sake yin abin da suka yi a dā, su bar ɗan Rahila na biyu cikin bauta su tsira da kansu. Sai da Yahuda ɗan Yakubu, wanda ya kawo shawarar sayar da shi tun farko, ya ce a riƙe shi a madadin yaron (44:33), sannan Yusufu ya fashe da kuka. Ramuwa ya bari tun da wuri. Amincewa kuwa sai da ya ga shaida.

Saboda haka abu uku ne a gabanku, kada a cakuɗa muku su. Gafara wajibi ce a kanku: ku bar ramuwa ga Allah (Romawa 12:19), kada ku yi yawo da sunanta a kasuwa, ku yi mata addu'a ko da baki ya yi nauyi. Mayar da kuɗi wajibi ne a kanta. Firistoci 6:2-5 ya yi magana kai tsaye a kan wanda ya ci ajiyar maƙwabcinsa: ya mayar da uwar kuɗin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A kan 200,000 ƙarin 40,000 ke nan. Ba mu ce dole ikilisiya ta karɓi ƙarin ba, ku mata kuna iya yafe shi, amma ayar ta nuna tuba a wurin Allah yana da hannu, ba baki kaɗai ba. Zakka ma da ya tuba ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa (Luka 19:8). Riƙon kuɗi kuwa ba haƙƙinta ba ne, amana ce, a karɓe ta yanzu. Bulus ya bar Iskandari maƙeri ga Ubangiji, amma ya ce wa Timoti ya yi hankali da shi (2 Timoti 4:14-15). Markus da ya bar Bulus da Barnaba a hanya, Bulus ya ƙi tafiya da shi a karo na biyu, sai bayan shekaru ya ce a zo da shi domin yana da amfani (4:11). Ƙofa ba ta rufe mata ba, lokaci kawai take bukata.

Ku bi Matta 18:15-17 daki-daki. Ku same ta ku kaɗai tukuna, a gidanta, ba a gaban yara ba. In ta ƙi, ku koma da mutum ɗaya ko biyu, gara shugabar Zumunta da wata dattijuwa da ba ta cikin adashin. In ta ƙi, sai fasto da dattawa. In ta amsa, a rubuta a takarda: nawa ne, nawa za ta riƙa biya duk wata, a hannun wa, shaidu biyu su sa hannu. Abin da ke ɓata irin wannan sulhu shi ne a yi kuka, a yi addu'a, a watse ba a faɗi adadi da rana ba. Bayan wata uku kowa ya tuna abin da ya ga dama. A yanka mata abin da za ta iya biya, ko 10,000 ne a wata, ya fi alkawarin da za ta karya ta sake shiga kunya. Nan gaba kuma a ƙirga zubi a gaban mutum biyu, a rubuta, a miƙa wa mai kwasa a ranar, kada kuɗi su kwana a hannun kowa. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda aka zaɓa domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21).

TAMBAYA: Ni mai bishara ne a ƙauye, ina shirin wa'azin makon Ista. Abu biyu sun tsaya mini. Matta 27:9 ya ce Irmiya ne ya faɗi batun azurfa talatin, amma a Zakariya na same shi. Kuma Matta ya ce Yahuda ya rataye kansa, Ayyukan Manzanni ya ce faɗuwa ya yi cikinsa ya fashe. Wanne zan faɗa? Daga wani mai bishara, Tafawa Balewa.

AMSA: Malam, ka yi karatu da ido buɗe. Azurfa talatin da maginin tukwane da Haikali duk suna Zakariya 11:12-13, amma babu sayen fili a wurin. Fili da jinin marasa laifi da wurin binne gawa a Irmiya suke: gidan maginin tukwane a sura 18, tulun da aka fasa a kwarin Hinnom a sura 19, gonar da annabin ya saya a Anatot a sura 32. Matta ya saƙa annabawan biyu ya kira sunan ɗaya. Markus 1:2-3 ma haka ya yi, ya haɗa Malakai 3:1 da Ishaya 40:3 a ƙarƙashin sunan Ishaya. Wannan shi ne bayanin da muka ga ya fi ƙarfi. Abin da ya fi amfanar masu saurarenka shi ne Fitowa 21:32: shekel talatin diyyar bawa ce in bijimi ya kashe shi. Matta kaɗai ya faɗi adadin; Markus da Luka sun ce an yi alkawarin kuɗi kawai.

Mutuwar kuwa, ka karanta musu duka biyun yadda suke. Sun haɗu a kan cewa kuɗin cin amanar ne suka sayi fili, an kira filin Filin Jini, Yahuda kuma ya yi mummunan ƙarshe. Matta 27:6-7 ya ce firistoci ne suka saya, domin sun ƙi sa kuɗin jini a baitulmali. Ayyukan Manzanni 1:18 ya jingina sayen ga mai kuɗin. Tun dā masu fassara suna cewa ya rataye kansa, daga baya gawar ta faɗo. Yana yiwuwa, amma in za ka faɗa, ka ce bayanin malamai ne. Kada ka ƙara igiya ta tsinke ko reshe ya karye kamar aya ce, domin wani zai je ya duba ya rasa, daga nan ya fara shakkar sauran abin da ka faɗa.

Roƙo ɗaya kuma: kada wa'azin ya zama habaici. Da Yesu ya ce ɗayanku zai bashe ni, kowane almajiri kansa ya tambaya ko shi ne (Matta 26:22). In jama'a suka fita sujada kowa yana kallon maƙwabcinsa, wa'azin ya kauce.

TAMBAYA: Na ga wani bidiyo a waya ana cewa an gano Bisharar Yahuda da ikilisiya ta ɓoye, wadda ta nuna Yesu ne ya roƙe shi ya bashe shi. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba, Tumfure, Gombe.

AMSA: 'Yarmu, rubutun yana nan, amma ba ɓoye shi aka yi ba, ba kuma Yahuda ya rubuta shi ba. An same shi a Masar cikin harshen Kibɗawa, aka wallafa shi a 2006. Asalinsa na ƙarni na biyu ne, daga wata ƙungiya da ke koyar da cewa jiki kurkuku ne, ceto kuma ta wani ilimin asiri ake samunsa. Irenayus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya ambaci littafi mai wannan suna wajen shekara ta 180, ya ƙi shi a fili. Bisharu huɗu na ƙarni na farko ne, sun riga shi. Yana da amfani ga mai binciken abin da waccan ƙungiya ta gaskata, amma ba shaida ba ne a kan abin da ya faru a daren Idin Ƙetarewa.

TAMBAYA: Malamai, ku rufa mini asiri. An ba ni kuɗi na yi shaidar ƙarya a kan iyakar gona, ƙanen babana ya rasa gonarsa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Wani mai addu'a ya ce mini jinin Yahuda ne a jikina, an ƙaddara mini hallaka. Ba na barci. Wani lokaci nakan ji gara in bi hanyar da Yahuda ya bi. Daga wani matashi, Kaltungo.

AMSA: Ɗanmu, kafin komai: tunanin nan na kashe kai, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, fasto ko dattijo ko babban abokinka. Kada ka kwana kai kaɗai. Maganin feshi da igiya da duk abin da zuciyarka ta nuna maka, ka ba wani ya fitar da su daga ɗakin. In rashin barcin da tunanin suka ci gaba, a raka ka asibiti ka ga likita. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Mai addu'ar nan ya faɗi abin da ba a ba shi ikon faɗa ba. Yesu ne ya kira mutum ɗaya ɗan hallaka (Yohanna 17:12), shi kuwa ya san zuciyar kowa. Babu aya da ta ce ana gadon jinin Yahuda. Abin da aka rubuta shi ne Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, so yake ya juyo ya rayu (Ezekiyel 33:11), wanda kuma ya zo wurin Yesu ba zai kore shi ba ko kaɗan (Yohanna 6:37). Ka daina zuwa wurin mutumin.

A dare ɗaya mutum biyu suka faɗi. Faɗuwar Bitrus ma an riga an faɗe ta dalla-dalla: sunansa, sau uku, kafin zakara ya yi cara. Ya yi musu har da rantsuwa. Yahuda kuma ba a ce bai ji zafi ba. Ya yi nadama, ya ce ya yi zunubi da ya ba da marar laifi, ya mayar da kuɗin (Matta 27:3-5). Amma wurin waɗanda suka saye shi ya kai nadamarsa, suka ce ina ruwansu, ya fita shi kaɗai. Bitrus ya yi kuka mai zafi, bai kuwa rabu da 'yan'uwa ba; da safiyar tashin yana tare da Yohanna, da shi aka yi gudu zuwa kabari. A bakin tekun Galili Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikin kiwon tumaki (Yohanna 21:15-17). Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu, na Allah da ke kai ga tuba da ceto, da na duniya da ke kai ga mutuwa (2 Korintiyawa 7:10). Wasiƙar nan da ka rubuta ta nuna har yanzu kana neman ƙofa.

Ka furta zunubin ga Allah da sunansa, shaidar ƙarya don kuɗi, ka riƙe 1 Yohanna 1:9. Sannan ka gaya wa fastonka ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri dukan labarin, har da adadin kuɗin da wanda ya ba ka. Kada ka je wurin Baffanka kai kaɗai, kada kuma ka aika saƙo ta waya. Dattijon ya riga ka zuwa ya nemi rana, ka je ka durƙusa ka faɗi abin da ka yi ba tare da kawo uzurin talauci ko ƙaddara ba. Yana iya ƙin sauraronka a karon farko, wannan haƙƙinsa ne, ka ba shi lokaci. Abu mafi wuya shi ne gyara shaidar a inda ka ba da ita. In a gaban mai unguwa ko hakimi ne, dattawa su raka ka. In a kotu ne, ka nemi shawarar lauya tukuna, domin shaidar ƙarya laifi ce a doka, ka san abin da ke gabanka kafin ka shiga. Kuɗin da ka karɓa kuma kada ka mayar wa mai su a ɓoye ku biyu. A mayar a gaban shaidu, a rubuta. A yi ƙoƙari a fara kafin damina ta sauka, domin da zarar an yi shuka a gonar maganar iyaka takan ƙara wuya.